Dakta ya fito, saura ƙwarewa: doguwar hanyar ɗan Azagor zuwa ɗakin fiɗa

A ƙasar nan, ranar da yaro ya ɗaga hannu a gaban malamansa ya yi rantsuwar likitoci, danginsa kan ɗauka wahala ta ƙare. A yanka rago, a raba goro, uwa ta sha barka, kawunnai da gwaggwanni su soma lissafin ciwace-ciwacen da za su kai masa kyauta. To amma duk wanda ya san sha'anin karatun likita ya san cewa a wannan ranar ce wata sabuwar ɗawainiya take somawa. Takardar da aka ba shi ta likitan gama-gari ce, mai duba kowane irin ciwo daidai gwargwado. In yana son ya zama likitan fiɗa, ko na mata da haihuwa, ko na yara, ko na ido, ko na zuciya, sai ya sake neman gurbi, ya sake zama jarrabawa, ya sake shafe shekara 4 ko 5 a ƙarƙashin manyan malamai, dare da rana cikin asibiti.

Neman wannan gurbi shi ne abin da ke hana ɗaliban ajin ƙarshe barci a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Kuma maganar ta wuce su. Ta shafi ɗan kasuwar da ke sayar da kadara don ya kai mahaifiyarsa asibitin Kano ko na Tunis, ta shafi ma'aikacin da aka tura aiki ƙauye da iyalinsa, ta shafi macen da naƙuda ta yi wa tsanani a wani mashekari can arewacin Dakoro. Don a gane nauyin abin, ya kamata a bi hanyar tun daga mafarinta, kuma da wuya a sami mafarin da ya fi Azagor nuna yadda tazarar take.

Inda hanyar ta faro

Azagor ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Dakoro, cikin jahar Maraɗi, ɗaya daga cikin kwaminonin da dokar shekarar 2002 ta kafa. Tana arewa da garin Dakoro, a yankin kwarin Tarka, inda noma ke ja da baya kiwo ke karɓar ƙasa. Tun shekarar 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a wannan sashe. Buzaye da Fulani da Hausawa ne ke zaune a nan, wasu a ƙauyuka, wasu a mashekarai masu tashi da sauka gwargwadon ciyawa da ruwan rijiya. Daga Dakoro zuwa Maraɗi akwai wajen kilomita 120, daga Maraɗi zuwa Yamai kuma fiye da 600.

Tsarin kiwon lafiya na ƙasa hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakunan shan magani na ƙauye, waɗanda aka gina da yawa daga shekarar 2001 a ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou. Sama da su akwai likitocin da ake kira CSI, inda majo da ungozoma ke riƙe da aiki. Sai asibitin gunduma, kamar na Dakoro, sai manyan asibitocin jaha a Maraɗi, sannan na ƙasa a Yamai da Damagaram. Macen da jinjiri ya zo mata a gicciye a ƙasar Azagor sai ta hau waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya: amalanke ko babur zuwa CSI, jiran mota, rairayi da gargada zuwa Dakoro. In ta tarar da mai iya yi mata fiɗa, da mai sa ta barci, da jini a ajiye, ta tsira da ita da ɗanta. In babu, sai a ƙara hanya zuwa Maraɗi, kuma kowace sa'a da ta wuce tana iya zama ajali, ko kuwa ciwon yoyon fitsari, irin wanda ya sa aka buɗe cibiya ta musamman a Danja a shekarar 2012.

Gwamnati ta mai da fiɗar haihuwa kyauta a shekarar 2005, ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006. Hukunci ne mai kyau ƙwarai. Sai dai kyauta ba ta fiɗa, hannun mutum ke yi. Ƙidayar 2012 ta sami mutane fiye da 600,000 a gundumar Dakoro. Ma'aunin da magabata suka saba ambata shi ne likita ɗaya ga mutum 10,000, alhali kuwa a Nijar likita ɗaya yana ɗauke da fiye da mutum 20,000, kuma mafi yawan ƙwararru a babban birni suke.

Daga lakwal zuwa tez

A ɗauki misalin yaron da aka haifa a irin wannan wuri. Kafin ya ji ƙamshin jami'a, sai ya tsallake ramukan da suka cinye sa'o'insa da yawa. Sai ya zauna lakwal lokacin da iyayensa suka bi dabbobi, abin da ba ya yiwuwa in makarantar ba ta da abinci. Sai ya sami mai masauki a Dakoro don ya yi kwaleji, ya ci birbe, ya shiga lise, ya ci bak a fannin kimiyya da maki mai kyau. Ga ɗiya mace kuwa, ramukan sun ninka, don maganar aure kan taso tun ba ta kai ajin birbe ba.

In ya tsallake, makarantar likita na jiransa. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka buɗe makarantar kimiyyar lafiya a 1974, wadda ta zama babban sashe mai zaman kansa a 1984. A shekarar 1992 ne aka raɗa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni. Kafin wannan zamani, ɗan Nijar mai son aikin likita sai ya nufi Dakar, inda Turawa suka buɗe makarantar likitoci tun 1918, wadda ta yaye mutane irin su Félix Houphouët-Boigny. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, daga baya ta Maraɗi, mai sunan Dan Dicko Dankoulodo, da ta Damagaram, mai sunan André Salifou, suka buɗe nasu sassan koyon aikin likita. Wannan ya rage wa ɗiyan gabas nisa da tsadar zaman Yamai.

Karatun kansa yana cin shekara 7 zuwa 8, in babu faɗuwa, babu yajin aiki, babu shekarar da aka soke. Waɗanda suka yi jami'a bayan abin da ya faru a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 sun san yadda shekarun karatu ke narkewa. Shekarun farko na haddar jikin mutum ne da aikin gaɓoɓinsa, kuma a nan ne ake zubar da ɗalibai da yawa. Daga nan sai zagayen asibiti: babban asibitin Yamai, na Lamorde, gidan haihuwa na Issaka Gazoby. A ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundin bincike, wato tez, ya kare shi a gaban alkalai, ya yi rantsuwa. Yaron da ya shiga lakwal yana ɗan shekara 7 ya kusa 30 ke nan, bai taɓa karɓar cikakken albashi ba, kuma dangi sun zuba masa ido.

Ƙofofi biyu

A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ƙofofi biyu ne ke kai mutum ga ƙwarewa. Ta farko ita ce gasar da ake kira internat, wadda aka ƙirƙiro a asibitocin Paris a shekarar 1802, kuma jami'o'i irin na Dakar da Abijan suka riƙe ta da daraja. Ɗalibi kan shiga wannan gasa tun bai gama ba, a azuzuwan ƙarshe. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa. Akan shafe shekara guda ko biyu ana shiri, ƴan ƙungiya-ƙungiya, ana haddace tambayoyi a kan sassan jiki da cututtuka da fiɗa, ana gwada rubuta amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Wanda ya ci, asibiti ya ɗauke shi da alawus, kuma gwargwadon matsayinsa a jerin sakamako yake zaɓen sashen da yake so. Daga cikin irin waɗannan ne galibi ake samun malaman jami'a na gobe. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: ɗalibin da bai ji labarin gasar ba sai a ajin ƙarshe, ya makara.

Ƙofa ta biyu ita ce wadda mafi yawa ke bi, wato rajistar karatun DES bayan an karɓi takardar dakta. A da CES ake kiran wannan takarda. Kowane fanni yana da babban malamin da ke shugabantarsa, kuma shi da abokan aikinsa ke yanke yawan mutanen da za a ɗauka a shekara, gwargwadon gadajen asibiti da malaman da ke akwai. Mai nema ya kai dosiye, ya zauna jarrabawar tantancewa a rubuce, sau da yawa a haɗa da ganawa baki da baki. Fannoni irin na yara da na mata kan ɗauki shekara 4, babbar fiɗa kuwa shekara 5. Kowace shekara da jarrabawarta, da littafin da ake rubuta yawan aikin da ɗalibi ya yi da hannunsa, a ƙarshe kuma ya kare wani kundin. Jami'ar Yamai tana ba da wannan horo a fannoni kamar babbar fiɗa da sha'anin mata da haihuwa, kuma an yi ta ƙara wasu da tafiya ta yi tafiya. Amma har yanzu akwai fannonin da sai an fita waje.

Me ya sa gurabe ba su da yawa, alhali ƙasa na kukan rashin ƙwararru? Dalilin a fili yake. Ba a koyon fiɗa a allo. Sai ɗalibi ya tsaya kusa da gwani, ya riƙe masa ƙarfe sau ɗari, kafin a miƙa masa wuƙa. Gwanin da zai shugabanci horo kuma sai ya kai matsayin farfesa, matsayin da ake samu ta hanyar gasar hukumar CAMES, wadda ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Ƙasar da ba ta da farfesa a wani fanni ba za ta iya buɗe horonsa ba, kuma ba za ta sami farfesan ba sai ta tura wani waje ya ƙware ya dawo. Kaza da ƙwai ke nan.

Dosiye, kuɗi da izini

Takardun da ake nema sanannu ne ga kowane ma'aikaci: takardar roƙo mai tambur, takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, kofen bak da na dakta masu hatimin hukuma, makin kowace shekara tun daga ajin farko, tarihin karatu da aiki, shaidar rajista a ƙungiyar likitoci ta ƙasa, da wasiƙun malaman da suka san mai neman. Ga ɗan birni wannan aikin mako guda ne. Ga ɗan Azagor da aka haifa a mashekari, wanda takardar haihuwarsa hukuncin kotu ce da aka yi daga baya, harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke bak da wanda ke takardar ɗan ƙasa ya isa ya mai da shi Dakoro neman gyara, ranar rufe karɓar dosiye kuwa ba ta jiran kowa.

Wasiƙar malami ma tana da nata sirri. Farfesa ba ya shaidar wanda bai sani ba. Ɗalibin da ya san inda ya dosa yakan zaɓi yin tez a sashen da yake so ya ƙware, ya yawaita kwanan aiki a can, a san fuskarsa da hannunsa. Wanda uban gidansa likita ne ya san wannan tun yana aji 3. Ɗan makiyayi sai ya gano da kansa, in ya yi sa'ar samun wani na gaba da shi mai faɗa masa gaskiya.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. A jami'o'in ƙasashen maƙwabta, baƙo yana biyan rajista ta jikkuna ɗaruruwa kowace shekara, ga hayar ɗaki, ga abinci, ga littattafai, ga iyalin da ya bari gida. A wurare da dama mai karatun DES ba shi da albashi daga asibitin da yake yi wa aiki, ko da shi ne ke kwana da marasa lafiya. Don haka wasu ke yin aikin dare a asibitocin kuɗi don su ci abinci, su wayi gari a ɗakin fiɗa ido ya yi ja. Manya sun tuna yadda karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994 ta ninka tsadar karatu a Turai dare ɗaya, a daidai lokacin da albashi ke makara watanni kuma aka taƙaita ɗaukar ma'aikata.

Hanyoyin samun tallafi uku ne. Akwai bursin gwamnati, akwai na ƙasashe da ƙungiyoyin da ke hulɗa da Nijar, akwai kuma aljihun dangi. Likitan da ya riga ya shiga aikin gwamnati yana da wata dama, wato a ba shi izinin tafiya ƙaro ilimi yana riƙe da albashinsa, bayan ya yi wasu shekaru yana aiki. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Wanda ya sami gurbi ya tafi ba tare da takardar izini ta fito ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya gudu daga aiki, a tsai da albashi, in ya dawo kuma ya sha wuya kafin a lissafa masa sabuwar takardarsa a ƙara masa girma. Ga wanda bai shiga aikin ba tukuna, akwai shekara 2 ta bautar ƙasa da jiran gasar ɗaukar ma'aikata. Ke nan sabon dakta yana tsakanin zaɓi biyu masu zafi: ya nemi ƙwarewa yanzu da ƙuruciyarsa da karatunsa ɗanye amma aljihu wayam, ko ya yi aiki tukuna ya sami madogara, ya dawo gasa bayan shekaru, da mata da ƴaƴa, ya kara da yaran da suka fito jiya.

Ƙetaren iyaka

Dakar, Abijan, Kwatano, Wagadugu, Bamako, Lome, Rabat, Aljiyas da Tunis, waɗannan su ne biranen da ƙwararrun Nijar da yawa suka yi horo. Amfanin jami'o'in da ke ƙarƙashin CAMES shi ne takardarsu ba ta shan gardama in an dawo gida. Wanda zai tafi wata ƙasa dabam ya kamata ya tabbatar tun kafin ya sayi tikiti cewa za a amince da abin da zai kawo.

Siyasa ma tana shiga cikin lissafin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville ya wahalar da masu zuwa Kwatano. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a watan Janairu 2024, abin da ya tsananta neman biza ga masu son zuwa ƙaro horo na DFMS da DFMSA, takardun da aka tanada don likitocin ƙasashen waje. A watan Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar da hukumarta ta lafiya ta yi aikin daidaita manhajojin ƙwarewa a Afirka ta Yamma. Mai neman gurbi a yau sai ya riƙa sauraron rediyo kamar yadda yake duba littafi.

Ga ɗan Maraɗi, Katsina ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma alhazan birni sun san hanyar asibitin Aminu Kano da na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Tsarin Najeriya dabam ne. Bayan jami'a likita yakan yi shekara guda ta aikin koyo, ya yi bautar ƙasa, ya ci jarrabawar farko ta ɗaya daga cikin manyan kwalejojin likitoci, wato ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma, ko takwararta ta likitocin cututtuka. Sannan ya nemi asibitin koyarwa ya ɗauke shi aiki da albashi, ya ci jarrabawa kashi na ɗaya da na biyu cikin shekara 5 zuwa 6 ko fiye. A 2018 aka yi dokar da ta tsara wannan horo. Ɗan Nijar da ke son bin wannan hanya sai ya ƙware a Ingilishi, ya kuma ci jarrabawar majalisar likitoci ta MDCN. Da marasa lafiya kam ba shi da matsala, Hausa ta wadatar.

A Amurka kuwa tun shekarar 1952 aka miƙa rabon ga wani tsari na bai ɗaya. Kowane ɗalibi ya jera asibitocin da yake so bi da bi, kowane asibiti ya jera ɗaliban da yake so, kwamfuta ta haɗa, a bayyana sakamako rana ɗaya cikin watan Maris. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan tsari yana cikin abin da ya jawo wa Alvin Roth da Lloyd Shapley kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012. Tsarin yana da tsada, yana da nasa aibi, amma akwai darasi guda a cikinsa: kowa ya san ranar, kowa ya san yawan gurabe, kowa ya san ƙa'ida.

Wa zai koma Dakoro?

A ce yaron nan ya sami gurbi, ya sha wuya, ya fito ƙwararren likitan mata yana ɗan shekara 35. Ina zai zauna? Masu saurin hukunci kan ce likitoci sun ƙi ƙauye don son birni. Akwai ƙamshin gaskiya, don asibitocin kuɗi da makarantun yara masu kyau a birni suke. Amma akwai abin da ya fi wannan. Likitan fiɗa shi kaɗai kamar direba ne ba mota. Yana bukatar mai sa barci, da wutar da ba ta ɗaukewa, da iskar numfashi, da jini, da tukunyar dafa ƙarafa, da abokin da zai karɓe shi ya runtsa. In babu waɗannan, hannun da aka kashe shekara 5 ana horarwa sai ya sandare, shi kuma ya zama mai rubuta takardar tura marasa lafiya gaba.

Magabata sun taɓa neman mafita ta tsakiya. A shekarar 2005 ma'aikatar kiwon lafiya da jami'ar Yamai suka fito da horon fiɗa na gunduma, inda ake ɗaukar likitan gama-gari a koya masa cikin wata 12 ayyukan gaggawa, kamar fiɗar haihuwa, da ƙaba, da tsagewar mahaifa, da hujewar hanji, sannan a tura shi asibitin gunduma. Wannan ya ceci rayuka da dama a wuraren da a da sai an yi tafiyar yini. A Galmi kuma, asibitin mishan da aka buɗe a 1950 ya soma horar da likitocin fiɗa na shekara 5 tun 2012, a tsakiyar karkara, abin da ya nuna ana iya yaye gwani nesa da babban birni in akwai malamai da kayan aiki. Mutanen Dakoro ma ba su manta yunwar 2005 ba, lokacin da ƙungiyar Médecins Sans Frontières ta gudanar da cibiyoyin jinyar yara a Maraɗi da Dakoro. Baƙo ya taimaka, amma baƙo raɓa ne, ɗan gida ake bukata.

Kuma ɗan gida yana da abin da ba a koyarwa a Dakar. Ya san Hausa, wataƙila da Fulatanci ko Buzanci. Ya san dalilin da ke sa mace ta ɓoye naƙuda don kunya, ya san wanda ake roƙo kafin a yarda a yi mata aiki, ya san cewa makiyayi ba ya sayar da saniya sai ya ga babu makawa. Tunda kundin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, bai kamata a ci gaba da ɗaukar wannan sani a matsayin abin banza ba wajen rabon gurabe da wuraren aiki.

Abin da ya rage ga kowa

Ga magabata, abubuwa uku ba su bukatar dukiya mai yawa. A riƙa bayyana ranakun gasa da yawan gurabe da sakamako da wuri, a rediyo da allunan jami'o'in jahohi, don kada labari ya tsaya a bakin ƴan gata. A sa takardar izinin tafiya karatu ta riƙa fita kafin a buɗe shekara, don kada likita ya rasa gurbin da ya ci da guminsa saboda dosiye ya kwana a ofis. A kuma saka wa wanda ya yi shekaru a gunduma irin Dakoro ko Bermo da fifiko wajen bursi, ta yadda zaman karkara zai zama tsani maimakon hukunci.

Ga ma'aikaci mai ɗa ko ƙane a makarantar likita, shawarar ita ce a soma shiri tun daga aji 4. A duba takardu a gyara saɓanin suna da ranar haihuwa tun babu gaggawa. A adana makin kowace shekara. A bar yaro ya zaɓi fannin da zuciyarsa ta kwanta da shi kuma ƙasa ke bukata, don wanda aka tilasta wa fiɗa alhali ba ya jure tsayuwar sa'a shida zai cutu ya cutar. In ɗiya mace ce, a yi maganar karatun nan a fili tun wajen neman aure, a sa shi cikin sharaɗi, don matan karkara da yawa sun fi sakin jiki da likita mace.

Ga ƴan kasuwa kuwa, alhazan Maraɗi sun yi suna wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi da kai mutane Makka, Allah ya saka masu. To, ga wata sadakar mai gudana. Kuɗin da attajiri ɗaya ke kashewa a tafiya jinya guda zuwa ƙetare, da jirgi da masauki da ɗan rakiya, yana iya ɗaukar nauyin karatun likita na tsawon lokaci. In ƴan kasuwar gunduma suka haɗa asusu, suka zaɓi ɗan yankin da ya ci gasa da ƙoƙarinsa, suka yi yarjejeniya a rubuce a gaban hukuma cewa zai dawo ya yi shekaru kaza a asibitin Dakoro, suka kuma taimaka da injin wuta da firjin ajiye jini, to sun sayi abin da kuɗi ba ya saye a daren da ciwo ya tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ciwo ba ya tambayar mutum ko yana da fasfo. Babban ɗan kasuwa na iya yin hatsari a hanyar cin kasuwar dabbobi, matar ma'aikaci na iya zubar da jini a garin da aka tura mijinta, kuma a wannan sa'a asibitin da ya fi kusa shi ne asibitinsu. Wanda zai tsaya a kansu da wuƙa a hannu, yau yana wani ɗaki a Yamai ko Maraɗi, dosiye a gabansa, yana ƙirga kuɗin tambur. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma ba masu hali ikon tuna shi.